Wanda Ya Janye Sunan Auta

SHAFI NA 17

"Wai na janye, Umma. Ni da bakina na janye, kuma ni ce ta ƙarshen ji."

Ina duƙe a tsakar gida ina matse wanki. Na ɗago. Auta ce tsaye a ƙofar ɗakinta, waya a hannu, mayafin da ta yafa don kiran bidiyo ya zame har kafaɗa.

"Kin janye daga me?"

"Daga karatun. Daga tafiyar gaba ɗaya."

"Yi min magana dalla-dalla, ni ba Japananci nake ji ba."

Masu shigowa yau, ku matso in taƙaita muku, don ba zan koma baya ba, hannuna ciwo yake da latsa wayar nan. Auta ita ce ƙaramar 'yata. Ta yi digirinta a kan ƙananan dodon koɗin nan na bakin rafi, masu sa wa yara tsargiya, wato fitsarin jini. Akwai wata tsohuwar farfesa a Japan, ita ma aikinta ke nan. Ta ga abin da Auta ta yi, ta ce ta zo wurinta ta yi digiri na biyu. Abin da ya rage kawai shi ne malamin Auta na nan, Dakta, ya tsaya mata.

Tun daga ranar gidana ya koma makaranta. Firij an manna masa takarda da sunansa da Japananci, buta an manna mata, ƙofar banɗaki ma ba ta tsira ba. Ubanta kuwa shi ne kan gaba. Da ya dawo daga shago zai shimfiɗa tabarma, ya riƙe mata katunan karatu, yana ɗagawa tana faɗa, shi kuma yana leƙa bayan katin ya ga ko ta yi daidai.

To, mu koma.

"Farfesar ce ta kira ni yanzu," in ji Auta. "Na zata maganar aiki ce. Sai na ji tana ba ni haƙuri. Wai Dakta ya gaya mata gidanmu ba su yarda ba, na janye, har ya ba ta sunan wani ɗalibi."

"Ko dai ba ki ji daidai ba? Yaren nan nasu da sauri yake."

"Na ce ta maimaita da Turanci. Ta maimaita."

"Kika ce mata me?"

"Na ce ban janye ba. Ta ce ita ba za ta shiga tsakanin ɗalibi da malaminsa ba. In kuskure ne, shi ya kira ta ya gyara kafin ƙarshen makon nan, don lokacin za su rufe."

Na saki zanen da ke hannuna ya koma cikin ruwa. Na ɗauraye hannu, na ja hijabi daga kan igiya, ko gama bushewa bai yi ba.

"Ɗauko takalminki."

"Umma, ba a shiga wurinsa haka fa. Sai an nemi lokaci."

"Ƙofa gare shi?"

"Eh."

"To ta isa."

Ɗakin gwajin nasu yana bayan wani dogon gini. Tun daga bakin ƙofa warin kududdufi ya tare ni. Ciki kuwa akwatunan gilashi ne jere a kan benci, ruwa kore-kore, dodon koɗi sun manne a jiki suna cin ganyen latas. A ƙasan bencin ga bahona shuɗi da Auta ta ara tun bara, wai na mako guda.

Dakta yana lungu a bayan teburinsa, yana kaɗa shayi. Ya ga Auta, ya gan ni, ya ajiye cokalin.

"Sannu da zuwa, Hajiya."

"Ban je ba tukuna, Allah dai Ya kira mu. Ni uwar wannan ce."

"Madalla. Ga kujera."

"A tsaye ma zan iya. Wa ya ce maka 'yata ta janye?"

Ya kalli Auta. "Ɗan ba mu wuri."

"Ba inda za ta. Sunanta aka cire, ba nawa ba."

Ya gyara zama, ya haɗa yatsu, irin zaman da suke yi in za su yi wa mutum dogon Turanci.

"Kin ga, Mama, waɗannan abubuwan suna da tsari. Ba a tura ɗalibi wata ƙasa haka kawai."

"Tsarin ne ya ce ka faɗi abin da ba ta faɗa ba?"

"A ɗan tausasa harshe."

"Harshena a tausashe yake tun lokacin da kake tura ta rafi da damina, ta dawo min ƙafa duk laka, tana tari. Ban zo ba. Ranar hutu kowa na gida, ita tana nan tana canza wa halittun nan ruwa. Ban zo ba. Latas ɗin da suke ci, ni nake tsinto mai kyau a kasuwa, ni da ba na saya wa kaina. Yau dai na zo."

"Ba wanda ya ce ba ta da ƙoƙari."

"Wa ka tura a madadinta?"

"Wani ɗalibi ne, shi ma mai hazaƙa."

Auta ta yi magana ƙasa-ƙasa. "Bai taɓa zuwa rafin ba, Umma. Ko hanyar bai sani ba."

"Ke kuma ki zauna ki ci gaba da yi masa kiwo," na ce. "Dabara ta yi kyau. Dakta, kai da Allah."

Nan fuskarsa ta canza. Ya ture kofin gefe.

"Tunda abin ya kai ga haɗa ni da Allah, bari in fita daga ciki. Ni ban ƙirƙiri komai ba. Mutum ya zo nan da ƙafarsa, ya zauna a kujerar nan da kika ƙi zama, ya ce shi ne mahaifinta, kuma bai amince ta tafi ba."

"Ƙarya ne."

"Mama."

"Na ce ƙarya ne. Mutumin da ke riƙe mata kati kullum? Wanda ya gaya wa duk layinmu 'yarsa za ta Japan? Wani dai ya zo ya yi maka sojan gona, kai kuma da yake kana so sai ka karɓa."

"Dogo ne, siriri. Tabaransa ƙafa ɗaya an ɗaure da zare. Farcensa duk baƙin mai."

"Masu irin wannan kamar suna da yawa."

Ya nuna sama da yatsa.

"Fankar nan ta daɗe tana ƙara, har mun saba. Muna cikin magana ya kasa haƙuri. Ya hau kan bencin can, ya ciro sukundireba daga aljihu, ya ɗaure ta. Kina jin wani ƙara yanzu?"

Na ɗaga kai. Fanka tana juyawa sumul.

Jama'a, duk duniya mutum ɗaya na sani da ba ya iya zama a ƙarƙashin abin da ke ƙara. A gidan gaisuwar rasuwa ma na taɓa ganinsa yana gyara ƙofa.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a kujerar.

Auta ta juya tana kallon dodon koɗinta.

Amma ban bar Dakta haka ba.

"To ya zo. Me ya hana ka kira yarinyar ka tambaye ta? Kullum tana gabanka."

"Ya roƙe ni kada in faɗa."

"Shi ne kuma ya roƙe ka ka tura wani?"

Ya ɗauki cokali ya koma kaɗa shayin da ya riga ya huce.

"Ni ba zan raba 'ya da ubanta ba. Gobe wani abu ya same ta a can, ni za a nuna."

"Yanzu mene ne gyara?"

"Wanda ya ɗaura shi zai kwance. Ya kira ni da bakinsa ya ce ya yarda. In ya kira, zan kira farfesar in ce an samu rashin fahimta. In bai kira ba, ko ministoci kika kawo min ba zan taɓa ba."

Na miƙe. Har na kai ƙofa na dawo.

"Bahon can shuɗi nawa ne. A zuba halittun a wani abu, zan aiko a ɗauka."

A cikin tasi Auta ta jingina kai da gilashi. Ina jira ta yi kuka, ta ƙi. Da ma ta yi, da ya fi min sauƙi.

"Mu wuce gida, Umma."

"Shago za mu."

"A gaban mutane?"

"Shi a gaban wa ya je ya yi?"

Abbansu gyaran keken ɗinki yake yi. Shagon ɗan tsukuku ne, kawunan kekuna jere a kan kanta har sama, ƙasa kuma gwangwanayen kusoshi da ƙananan ƙarafa. Mun same shi ya buɗe cikin wani keke, wata mata mai ɗinki tana zaune a benci tana jira. Katunan Auta kuwa ga su a aljihun gaban rigarsa, an ɗaure da roba, sun leƙo.

Yana ganinmu ya washe baki, har da ɗan rusunawa.

"Konniciwa, mutanen Japan. Yau da rana tsaka?"

Auta ta kawar da kai.

Na juya wurin matar. "Baiwar Allah, don Allah ɗan zaga ki dawo. Kekenki ba zai gudu ba."

Ta kalli fuskata sau ɗaya, ta ɗauki jakarta.

"Lafiya?" in ji shi.

"Daga wurin Dakta muke."

Hannunsa ya tsaya a cikin keken. Bai ɗago ba.

"Wa ya gaya miki?"

"Fanka."

Ya zare tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya sake zarewa.

"Da kin bari mun je gida."

"Gidan da kake shimfiɗa tabarma kana ɗaga kati? Malam, ni fa ban yi boko mai nisa ba, amma na san abin da ake kira cin amana. Kai ubanta ne. Da ka tsaya a tsakar gida ka ce a'a, da mun yi rigimarmu mun gama. In yi fushi, in ƙi yi maka magana, in kai ƙara wurin yayarka, amma na san a gabana ka yi. Sai ka zagaya ta baya, ka sa wani ya faɗi abin da ba a yi ba, ka dawo ka zauna kana cin abincina kana cewa Auta karanta wannan."

"Rage murya."

"Ba zan rage ba. Ka yi istihara? Ka yi shawara da ni? Ko ni kujera ce a gidan?"

"Shawara da ke? Ke da kika riga kika fara saya mata rigunan sanyi?"

"Da izinin wa na fara? Ba kai ka ce a nemo masu kauri ba?"

Sai ya ce, "Yayanta ma cewa ya yi karatu kawai zai yi ya dawo."

Ga waɗanda ba su sani ba, babban ɗanmu ya tafi waje karatu tun Auta tana firamare. Can ya yi aure, can ya zauna.

"Yanzu sai a waya," in ji Abbansu. "A ɗora min jikoki a gaban gilashi, in ce ya kuke, su kalle ni kamar mai talla, su ruga. Lokacin da aka kwantar da ni asibiti, me ya aiko? Hoton fure."

"Ni ban haife shi ba ne? Ni ba na jin ciwon? Sau nawa ka same ni a kan sallaya ina kuka? Amma ban je na karya ƙafar ƙanwarsa don shi ya yi nisa ba."

"Ke kina da 'yan'uwa, kina da maƙwabta, kina da wayar nan da kike ta rubuce-rubuce. Ni wa nake da shi? In ta tafi, wa zai zauna da ni?"

"Ni da na zauna da kai tun kana da gashi, ba mutum ba ce?"

Sai a nan Auta ta buɗe baki. Muryarta a kwance, har ta fi tawa ban tsoro.

"Abba."

"Na'am, uwata."

"Tunda ba ka so, me ya sa kake riƙe min katunan?"

Ya taɓa aljihunsa kamar yanzu ya tuna suna nan.

"Abba, tambayarka nake."

"Na zata ba za ki iya ba."



"Na ga rubutun," ya ci gaba, idonsa a kan keken. "Na ce wannan ba mai iya shi sai wanda aka haifa a ciki. Za ta yi wata biyu ta gaji ta bari, ba sai na zama mugu ba. Kafin nan kuma na samu zama da ita kullum da yamma. Sai na ga kina ci. Kati na ƙarewa kina yanko wasu. Ranar da sakamakon jarrabawar yaren ya fito kowa na murna, ni abinci ya ƙi wucewa."

Na tuna ranar. Ni da wautata na zata cikinsa ne ya tashi, har na aika a sayo masa magani.

"Washegari ka je wurin Dakta," in ji Auta.

Bai musa ba.

"Kuma da yamma ka dawo ka ɗaga min kati."

"Na ɗaga."

"Duk wanda na ci, kana cewa madalla."

"Har zuciyata nake faɗa. Allah Ya sani."

"To ta yaya, Abba?"

"Ban sani ba, uwata. Duka biyun a cikina suke."

Na buɗe baki zan ƙara masa, Auta ta riƙe min hannu. Yarinyar da ko ƙuda ba ta iya kora da ƙarfi, yau ita ce ke tsayar da ni.

Ta matsa jikin teburin. Ta ɗora yatsa a kan keken da ya buɗe.

"A nan kake zaunar da ni ina ƙarama. Ka buɗe irin wannan, ka ce in leƙa. Ka ce mutanen da suka ƙera shi ba sa ha'inci, ko inda ido ba ya gani sai sun goge. A bakinka na fara jin sunan ƙasar. Ba a makaranta ba."

"Na sani."

"Ba zan ce maka zan dawo ba, don Yaya ma ya faɗa, kuma ka ji yadda ta ƙare. Amma ka duba aikin. Cutar nan a can sun gama da ita tuntuni, shi ya sa nake son in je in ga yadda suka yi. Yaran da ke fitsarin jini a nan suke. Rafin a nan yake. In na zauna a can, me zan yi da karatun?"

"Shi ma da hujjojinsa ya tafi."

"To ni ba shi ba ce."

Wani mai mashin ya tsaya a bakin shago da kan keke a ɗaure a baya. Na ɗaga masa hannu, ya ga babu fuska, ya ja gaba.

"Malam," na ce, "Dakta ya ce ba zai gyara ba sai ka kira shi da bakinka. Kuma mako na ƙarewa an rufe. Wanda ko hanyar rafi bai sani ba shi zai tafi da wahalar 'yarka."

"Wane ne kuma wannan?"

"Au, bai gaya maka ba? Kana fita ya cusa nasa. Kai ka buɗe masa ƙofa, har da gyara masa fanka ya sha iska."

Na ga abin ya shige shi. Ya ɗauki tsumma ya fara goge hannu, yatsa bayan yatsa, hannun da ba ya taɓa fita.

Auta ta ciro wayarta. Ta nemo lambar Dakta. Ta ture gwangwanin kusoshi gefe, ta ajiye wayar a kan teburin, daidai gabansa.

"Abba, ba zan tafi a kan fushinka ba. In ka kalle ni yanzu ka ce a'a, na haƙura, kuma ba za ka sake jin maganar a bakina ba. Amma ni za ka gaya wa, ba Dakta ba."

"Auta," na ce, "wane irin alkawari ne wannan?"

"Bari, Umma."

Ya kalli wayar. Ya kalli ƙofa. Ita ce dai bai kalla ba.

Hasken wayar ya ɗauke. Ta sa yatsa ta taɓa, lambar ta sake fitowa. Ta tura ta gaba kaɗan, har ta taɓa tsumman da ke hannunsa.

"In kuma ba za ka iya faɗa min ba, to ka kira shi. Don Allah, Abba. Ka kira shi."